Tsohon injin kwale-kwale da ke tashi yau ya ƙi gobe: tambayoyi da amsoshi

Masunta da masu fito a Yawuri da Baga sun san tsofaffin injinan Yamaha masu ƙarfin doki 15 da 40, waɗanda ake gauraya musu fetur da baƙin mai, kuma sun san ɓacin ran jan igiya har kafaɗa ta gaji inji bai amsa ba, alhali jiya ja ɗaya ya tashi.

Daga ina ya kamata a fara bincike?

Inji yana buƙatar abu uku: mai, wuta a filogi, da matsin iska cikin silinda. Matsi ba ya zuwa yana tafiya, domin idan zoben fistin ya cinye kullum injin zai wahalar. Saboda haka matsalar da ke ɓuya ta dawo kusan koyaushe tana wajen mai ko wuta. A ganina babban kuskure shi ne kai wa bakanike injin a ranar da yake lafiya. A gwada shi a daidai lokacin da ya ƙi, a kuma lura ko da sanyin safiya ne, ko bayan ya yi zafi, ko bayan ruwan sama.

Yaya ake gane cewa mai ne?

A matsa robar da ke jikin tiyon mai. Idan ta yi tauri, mai ya isa kafireto. Idan ta ƙi cika, iska na shiga ta wata tsaga a tiyo ko a mahaɗinsa. Idan kuma ta shanye ta manne bayan an yi tafiya, sau da yawa ɗan ƙusan iska da ke kan murfin tanki ne aka manta a rufe. Sai a tsiyayo ɗan mai daga ƙasan kafireto a cikin kwalba mai haske, domin ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa a gan shi ƙarara, abin da ya yawaita ga man da ya kwana cikin jarka.

To, wutar fa?

A kwance filogi, a mayar da hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin filogin da kuma duk wani fetur, sannan a ja igiya. Ana son tartsatsi shuɗi mai ƙarfi. Idan wuta tana nan da sanyi amma ta ɓace bayan inji ya yi zafi, a zargi koyil ko akwatin CDI, wato na'urorin da ke aika wa filogi wuta. Idan bayan ruwa ne, a duba maɓallin kashe inji, wanda laima kan sa ya riƙa sauke wuta da kansa, da kuma wayoyin da tsatsa ta ci bakinsu.

Filogi ya fito a jiƙe, yana warin fetur. Mene ne wannan?

Mai ya yi yawa, galibi saboda an ja cok, wato abin da ke ƙara wa inji mai don ya tashi da sanyi, ga injin da yake da zafi. A mayar da cok, a goge filogi, a buɗe totur kaɗan giya tana furi, a ja sau da dama. Baƙin mai da ya wuce kima ma yana toshe filogi. Yawancin waɗannan injina rabin lita suke so a lita 25 na fetur.

Za a iya gwada shi a tudu?

Sai an tsoma ƙafarsa cikin duro mai ruwa, domin robar famfon sanyaya inji tana ƙonewa cikin ɗan lokaci kaɗan idan ta juya a bushe.