Waiwaye: Yadda Madatsun Ruwa Suka Sauya Fadamar Tsuntsaye ta Haɗeja zuwa Nguru

Wanda ya san fadamar Haɗeja zuwa Nguru a lokacin hunturu ya san ta da kunne tun kafin ido: fiton kirinjijiya da asuba, kukan ɗinya, da na gauraka, wanda yanzu sai an yi dace ake ji. Daga Oktoba zuwa Maris baƙin agwagi da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa suna ƙetaro Sahara daga Turai da Rasha su yi kaka-gida a nan.

Abin da ke kawo su shi ne ambaliyar damina. Kogin Haɗeja da na Jama'are sukan cika a Agusta da Satumba, su malale, sannan ruwan ya riƙa janyewa sannu a hankali, yana barin taɓo mai tsutsa da ƙwayar ciyawa. A ƙarshen shekarun 1960 malalar takan wuce murabba'in kilomita 2,000.

Sai aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, duk a kan kogunan da ke ciyar da Kogin Haɗeja, ga kuma fari da aka yi a shekarun 1970 da 1980. Malalar ta ragu ƙwarai, amma babbar illa ita ce sauyin lokaci. Kogin da ya saba ƙafewa da rani ya koma gudana duk shekara, kaɗan-kaɗan. Irin wannan ruwa kachala, wata doguwar ciyawar ruwa, ke so. Ta cika magudanai, laka ta taru a gindinta, tsohon hannun kogin da wani hannun, Burum Gana, suka toshe, ruwa ya karkata mashigar Marma yana cinye gonaki wajen Nguru, wasu wuraren kuwa suka bushe. Agwagwa ba ta samun fili a cikin kachala. Jan-baki, ƙaramin tsuntsun da ke cin hatsi, shi ne ya ci riba, ya sami wurin kwana kusa da gonakin shinkafa da gero.

Aikin kare fadamar ya fara a 1987, da haɗin gwiwar NCF, gidauniyar kare muhalli ta Najeriya, da ƙungiyoyin waje biyu: IUCN ta kare muhalli da RSPB ta kare tsuntsaye. Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona, wani wurin kare tsuntsaye a fadamar, a 1989. A 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin Ramsar, wato jerin fadamomi masu muhimmanci ga duniya. Dagona da Baturiya, wani ɓangaren fadamar, suka biyo baya a 2008.

Ƙidayar tsuntsaye ana yin ta ne a tsakiyar Janairu, da sassafe, da kwalekwale da madubin hangen nesa. Babban garke ba a ƙirga shi ɗai-ɗai: a ƙirga goma ko ɗari, a auna sauran da wannan gungu. Garken da ya tashi ya sauka a wani tafki ana iya ƙirga shi sau biyu, shi ya sa ake raba masu ƙidaya su fita rana ɗaya.

Hana farauta yana da amfani, amma ba ya buɗe magudana. Kachala sai an yanke ta ƙarƙashin ruwa, kututturen ya nutse ya rasa iska. In aka yanke a sama ko aka ƙone, tohowa take. Ko hakan ma ba ya ɗorewa muddin ba a saki ruwan Tiga da Challawa da yawa a damina ba, a kuma taƙaita shi da rani.