Ma'anar "akwatin TATA" da aikinsa wajen karanta ƙwayar gado

Ɗaliban kimiyyar halittu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina, da takwarorinsu na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, sukan ci karo da kalmar "akwatin TATA" a darasin ƙwayoyin gado, kuma da yawa sukan haddace ta domin jarrabawa ba tare da sun tsaya sun ga girman abin da take nufi ba. Akwatin TATA ɗan gajeren jeri ne na haruffan DNA (sinadarai huɗu, A, T, G da C, da ake rubuta saƙon gado da su), galibi TATAAA, wanda yake zaune kimanin haruffa 25 zuwa 35 kafin wurin da ake fara kwafar saƙon ƙwayar gado zuwa RNA, wato kwafin da ake amfani da shi wajen haɗa furotin. Yana cikin yankin da ake kira furomota, wato sashen da ke gaban ƙwayar gado, wanda yake fayyace inda za a fara karatu da kuma yawan karatun. An gano shi a shekarar 1978 a ɗakin binciken David Hogness, tare da Michael Goldberg, lokacin da suke nazarin ƙwayoyin gadon ƙudan 'ya'yan itace.

Sinadarin da ke yin kwafin, RNA folimares na biyu, ba ya iya gane mafarin da kansa. Sai wani furotin mai suna TBP ya fara kama akwatin TATA, ya lanƙwasa zaren DNA da kusan digiri 80, sannan sauran furotin mataimaka su taru a kansa, daga bisani folimares ya zo ya zauna. Wurin ya yi kama da tashar da mota ke tsayawa a gama lodi kafin ta kama hanyar Daura. Akwai hikima a kasancewar jerin ya cika da A da T, domin a tsakanin zaruruwan DNA biyu ɗauri biyu ne na haidirojin ke haɗa A da T, alhali ɗauri uku ke haɗa G da C, saboda haka irin wannan wuri ya fi sauƙin lanƙwasawa da warwarewa. Bakteriya ma suna da makamancin akwatin TATA, akwatin Pribnow, TATAAT, kimanin haruffa 10 kafin mafari, wanda aka bayyana a 1975.

Ya kamata malamai su riƙa jaddada cewa mafi yawan ƙwayoyin gadon ɗan Adam ba su da akwatin TATA; suna dogara ne da wasu gajerun jeri irin su akwatin GC da akwatin CAAT.

Inda batun ya shafe mu kai tsaye shi ne jini. A furomotar ƙwayar gadon beta-gulobin, wani ɓangare na furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a jan jini, sauyin harafi ɗaya tak daga A zuwa G a matsayi na 29 kafin mafari, a cikin akwatin TATA ɗin kansa, yana rage yawan furotin da ake samarwa, ko da yake surar furotin ɗin ba ta canza ba. Wannan yana haifar da nau'i mai sauƙi na beta-talasimiya, ciwon ƙarancin jini na gado, da ake samu tsakanin masu asalin Afirka, kuma idan ya haɗu da gadon sikila daga ɗaya mahaifin, yaro zai iya fama da wani nau'in ciwon sikila, abin da ya sa fassara sakamakon gwajin jini kafin aure yake buƙatar ƙwararre.

Misali na biyu ya fi ba ni mamaki. Kusan duk mutanen Afirka ta Yamma suna ɗauke da sauyin harafi ɗaya, daga T zuwa C, a akwatin GATA, wani gajeren jeri daban da TATA, da ke furomotar ƙwayar gadon Duffy (furotin da ke kan fatar jajayen ƙwayoyin jini), kamar yadda aka bayyana a 1995. Furotin GATA-1, wanda ke kama akwatin GATA domin a fara karatu, ya kasa kama wurin, don haka jajayen ƙwayoyin jini ba sa fitar da furotin Duffy a kan fatarsu, alhali wasu sassan jiki suna ci gaba da samar da shi. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta Plasmodium vivax da wannan furotin take shiga jan jini, shi ya sa da wuya ta samu gindin zama a yankinmu, kuma Plasmodium falciparum ce ke cika asibitocin Katsina da Daura da marasa lafiya a lokacin damina.