Gazawar zuciya ba tsayawar zuciya ba ce

Kwanan nan duk wanda ya yanke jiki ya faɗi, sai ka ji mai karanta labarai ya ce "bugun zuciya" ne ajalinsa, wani kuma ya ce "gazawar zuciya", kamar dai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ni ta farkon ma mamaki take ba ni. Wane mai rai ne ba ya da bugun zuciya? Ta baligi a zaune sau 60 zuwa 100 take bugawa a minti ɗaya.

Abubuwa uku ake cakuɗawa. Toshewar jijiyar da ke kai wa naman zuciya jini, ita ake yi wa laƙabi da bugun zuciya. Sai tsayawar zuciya farat ɗaya, irin wadda ta kayar da Christian Eriksen na Denmark a filin ƙwallo a 2021. Gazawar zuciya daban take da su. Zuciyar na nan tana bugawa, wani sa'in ma da sauri fiye da kima, amma ta kasa tura jini gwargwadon buƙatar jiki, ko don ta saki, ko don ta ƙage ba ta cika sosai. Sai jini ya taru a baya, ruwa ya tsattsafo cikin huhu, ƙafafu su kumbura.

Shi ya sa likita ke tambayar majinyaci da filo nawa yake barci, har a ga kamar surutu ne. Ba surutu ba ne. Da zarar mutum ya kwanta, ruwan da ya wuni a ƙafafu sai ya koma ƙirji. Wanda ya saba da filo ɗaya ya koma uku, daga nan ya koma kwana a kujera, ko ya farka tsakar dare yana haki yana neman taga. Filon nan ya riga na'ura ba da labari.

In abin ya tashi gadan-gadan aka kwantar da majinyaci a asibiti, za a zaunar da shi, a sa masa iskar oksijin idan ta jininsa ta gaza kashi 90 cikin ɗari, a yi masa allurar furosemide ta jijiya don ya fitsarar da ruwan. Kowace safiya sai ya hau sikeli, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ana kuma duba ƙoda da gishirin jini, ana farautar abin da ya tayar da ciwon: barin shan magani, yawan gishiri, hawan jini, sanyin huhu, ko magungunan ciwon jiki irin su diclofenac.

Kalmar "gazawa" kanta ban cika sonta ba, don tana sa majinyaci ya saduda, alhali mutane na shekaru da ciwon suna harkokinsu. Amma wadda ta fi ba ni haushi ita ce "an cire masa ruwan, ya warke". Ruwan aka cire, zuciyar tana yadda take. A Amurka, cikin mutum huɗu ko biyar da aka sallama, ɗaya na komawa gadon asibiti kafin kwana 30. Don haka ake ce wa wanda aka sallama ya riƙa auna nauyinsa kullum, in ya ga ƙarin kilo biyu cikin kwana uku ya nemi likita, ko da bai fara haki ba.