Tambayoyi da amsoshi: Shirye-shiryen da ke riƙe ɗalibai baƙaƙen fata a kwalejojin Amurka

Wane irin shiri ne wannan?

Tsari ne da kwaleji ke kafawa domin ɗalibin da ya samu gurbi ya kai ga karɓar shaidar kammalawa. A kwalejojin al'umma masu shekara biyu kusan kowa na iya shiga, wahalar ita ce dawowa zango na biyu da shekara ta biyu. Sanannen misali shi ne Umoja, wanda ya fara a 2006 a kwalejojin al'umma na jihar Kalifoniya, ya kuma ɗora a kan tsofaffin shirye-shirye irin Daraja na Kwalejin Chabot, da aka kafa a 1988. A matakin jami'a akwai shirin Meyerhoff na Jami'ar Maryland reshen Baltimore County, wanda shi ma ya soma a 1988 ƙarƙashin Freeman Hrabowski, wanda daga baya ya zama shugaban jami'ar, domin ɗaliban kimiyya da injiniyanci.

Me ɗalibi ke samu a aikace?

Da farko ana haɗa shi da rukuni ɗaya na ɗalibai, su ɗauki darussa biyu ko uku tare, galibi Turanci da darasin dabarun karatu, wani lokaci da lissafi. Sannan a ba shi mai ba da shawara guda wanda ya san shi da suna, su zauna su tsara darussan da zai ɗauka zango-zango har ya cika raka'a 60 (raka'a ita ce ma'aunin nauyin darasi) da ake bukata don wucewa jami'a. Akwai ɗaki na musamman inda ɗalibai ke haɗuwa su yi karatu, su ci abinci, su tarar da malami ba tare da neman izini ba. A Meyerhoff kuwa sabbin ɗalibai kan yi makonni shida na share fage kafin a buɗe makaranta.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne bibiya. Idan ɗalibi ya yi fashin aji biyu a jere, ko ya faɗi gwajin farko, ba a jiran shi ya kawo kansa; ana kiran shi a makon.

To ina al'ada ta shigo?

A abin da ake karantawa da kuma yadda ake mu'amala. Darasin Turanci na nan da ma'auninsa, amma ana koyon rubutu ne ta hanyar tarihin baƙaƙen fata da ayyukan marubutansu, don ɗalibi ya ga rayuwar gidansu abar nazari ce. Wannan ba kwalliya ba ce. Binciken masana halayyar ɗan Adam Claude Steele da Joshua Aronson na 1995 ya nuna cewa fargabar kada mutum ya gaskata mummunan zaton da ake yi wa masu launin fatarsa tana rage masa ƙoƙari a jarrabawa. Ɗalibin da ke jin shi bare ne ba zai ɗaga hannu ya ce bai gane ba. Tun shekarun 1970 masanin lissafi Uri Treisman ya lura a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley cewa haziƙan ɗalibai baƙaƙen fata na faɗuwa lissafi saboda kowa na karatu shi kaɗai, alhali takwarorinsu 'yan asalin Sin na warware tambayoyi a ƙungiya. Da ya haɗa su rukuni, ya ba su tambayoyi masu wuya maimakon masu sauƙi, sakamako ya gyaru. A ganinmu aikin al'ada a nan shi ne samar da yarda, don sai da yarda ɗalibi ke faɗin matsalarsa da wuri.

A ina ɗalibai suka fi tuntuɓe?

Wajen kuɗi, kuma sau da yawa saboda ƙa'idar da ba wanda ya yi musu bayani. Tallafin Pell, kuɗin karatu da gwamnatin tarayya ke bai wa ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, sai an cike takardar neman tallafi mai suna FAFSA kowace shekara, ba sau ɗaya ba. Don ci gaba da samun sa, yawancin kwalejoji na bukatar matsakaicin maki 2.0 cikin 4.0, da kammala kusan kashi 67 cikin ɗari na raka'o'in da aka yi wa rajista. Ɗalibin da ya ɗauki raka'a 12, ya janye daga 6 bayan wa'adi saboda aiki ya yi masa yawa, ya kammala rabi ke nan. Ya faɗa cikin gargaɗi ko da makinsa na da kyau. Mai ba da shawara nagari zai hana shi janyewa kafin su duba abin da hakan zai jawo, kuma idan tallafin ya tsaya, ya taya shi rubuta takardar neman a sake dubawa.

Me ke kashe irin wannan shiri?

Dogara da mutum ɗaya. Idan jagoran ya gaji ko ya sauya aiki, sai komai ya watse. Haka kuɗin wucin gadi: kafin a ga sakamako ya ƙare. Wasu kwalejojin kuma kan mai da shi taron biki a watan Fabrairu, watan tarihin baƙaƙen fata, ba rukuni ba bibiya. Akwai kuma sakin ɗalibi bayan shekarar farko, daidai lokacin da darussa ke ƙara tsauri.

Baƙaƙen fata kaɗai ake ɗauka?

A'a. Dokar Kalifoniya mai lamba 209 ta 1996 ta hana cibiyoyin gwamnati fifita wani saboda launin fata, Meyerhoff ya buɗe wa kowa tun shekarar, kuma hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na Yunin 2023 ya hana la'akari da launi wajen ba da gurbi. Don haka Umoja a buɗe yake ga kowane ɗalibi, har da 'ya'yan 'yan Afirka mazauna can. Sai dai wanda ya je da bizar karatu bai cancanci Pell ba, ya kamata ya tambayi ofishin shirin tun kafin rajista wane tallafin kwaleji ne ya shafe shi, da kuma ranar da ake rufe shiga rukunin zangon.