Roy Stryker da Tarbiyyar Gordon Parks a Aikin Hoto

Roy Stryker (1893 zuwa 1975) shi ne ya shugabanci sashen hotuna na hukumar tallafa wa manoman Amurka, wadda aka fi sani da FSA, tun daga 1935. Malamin tattalin arziki ne daga Jami'ar Columbia, ba ɗaukar hoto ce sana'arsa ba. Duk da haka a ƙarƙashinsa Dorothea Lange da Walker Evans da Arthur Rothstein suka ɗauki hotunan talauci da fari da suka addabi karkarar Amurka a wancan zamani. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa, Gordon Parks (1912 zuwa 2006) ne tarbiyyar ta fi fitowa fili a aikinsa.

Stryker ya yi imani cewa jahilin abu ba zai iya ɗaukar hotonsa ba. Kafin ya tura mutum wani yanki sai ya sa shi ya karanta labarin ƙasar wurin, da abin da ake nomawa, da yadda mutane ke cin abinci, sannan ya rubuta masa jerin abubuwan da zai sa wa ido. Yana da zafin hannu kuma: a shekarun farko yakan huda fim ɗin duk hoton da bai yi masa ba, abin da ya ɓata wa ma'aikatansa rai ƙwarai, kuma da gaskiyarsu, domin hotuna masu daraja sun lalace ta haka.

Parks ya iso Washington, inda ofishin Stryker yake, a 1942 da tallafin Gidauniyar Rosenwald. Baƙar fata ne haifaffen Kansas, ya koya wa kansa hoto da kyamarar da ya saya a shagon jingina. Stryker ya yi jinkirin karɓarsa, don ya san yadda wariyar launin fata ta yi katutu a birnin. Da ya karɓe shi, sai ya ce ya ajiye kyamara, ya shiga gari ya yi sayayya, ya ci abinci, ya je silima. Ko'ina ya je wulaƙanci ya sha. Ya dawo a fusace yana neman kyamararsa.

Nan ne darasin yake. Stryker ya nuna masa cewa fushi kaɗai ba ya yin hoto, kuma mai nuna wariya kamanninsa ɗaya da kowa, ba a gane shi a fuska. Abin da kyamara ke iya kamawa shi ne tabon da wariyar ta bari a rayuwar mutane. Ya sa shi ya zauna ya duba hotunan waɗanda suka riga shi aiki a sashen, ya kuma yi hira da Ella Watson, matar da ke sharar ofishin da dare. Parks ya saurari labarinta, sannan ya ɗauke ta tsaye gaban tutar Amurka, ga tsintsiya a hannu, ga abin goge ƙasa a gefe. Hoton, mai suna American Gothic, ya tsorata Stryker har ya ce zai iya jawo musu kora gaba ɗaya. Amma bai hana shi ci gaba ba. Parks ya bi Watson gida da coci, ya ɗauke ta tare da yaran da take riƙo, har ta fito a matsayin cikakkiyar mutum mai iyali da ibada.

Stryker da Parks sun ci gaba da aiki tare a ofishin watsa labaran yaƙi na gwamnatin Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya kuma a kamfanin mai na Standard Oil, inda Parks ya bi shi a 1944. A 1948 Parks ya yi wa mujallar Life aiki kan wani matashi shugaban ƙungiyar daba a unguwar Harlem ta birnin New York, kuma hanyar nan ya bi: sai da ya saba da yaran, suka yarda da shi, kafin hotunan suka samu. Wannan aikin ya sa ya zama baƙar fata na farko da Life ta ɗauka ma'aikacin hoto. Hotunan da ya yi a FSA suna ajiye a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka.