Waiwaye: yadda aka yi db2ldif da 'yan'uwansa suka bar foldar instans

Har yau in aka haɗu da admin ɗin da ya daɗe yana kula da 389 Directory Server, wato manhajar saba da ke ajiye bayanan masu amfani ta ka'idar LDAP, ƙorafin ɗaya ne, wai an wayi gari kawai an kwashe masa sikirit ɗin da ya saba da su, su db2ldif, ldif2db, db2bak na fitar da bayanai da shigar da su da yin bakof, an miƙo masa sababbin umarni, dsctl da dsconf, an ce ya koya daga farko. Wasu kuma su ce ai gara haka, da ma tsoffin sun isa kowa. Ni dai abin da ke damuna a musun nan shi ne yadda ake magana kamar jiya aka fara, alhali maganar ta fi shekara goma tana tafasa.

Farkon labarin kowa ya sani. LDAP, ka'idar da kwamfutoci ke bi su nemi bayanai a irin wannan saba, ya fito daga Jami'ar Michigan a Amurka a 1993, Netscape ta ɗauki mutanen da suka gina shi a 1996 ta yi sabar tata, Red Hat ta sayi manhajar a 2004, aka buɗe ta ga kowa a 2005 da sunan Fedora Directory Server, a 2009 aka canza suna zuwa 389, lambar fot ɗin LDAP ke nan.

A farkon zamanin Fedora Directory Server komai a wuri ɗaya yake, ƙarƙashin /opt/fedora-ds. Kana iya tayar da saba biyu ko uku a kwamfuta ɗaya, kowacce ita ake kira instans, kuma kowacce da foldarta, slapd- sai sunan da ka ba ta. A ciki akwai saitinta da bayananta da log ɗinta, da kuma sikirit ɗinta na kanta. Ka shiga foldar ka buga start-slapd, ba sai ka faɗi wacce kake nufi ba, inda kake tsaye shi ne amsar. Wallahi tsarin yana da daɗi, ban ga laifin wanda ya yi kewarsa ba.

To amma ga inda mutane ke tsallakewa, sigar 1.1. A nan ne aka bi ƙa'idar Linux ta inda kowane irin fayil zai zauna, FHS. Saiti ya koma /etc/dirsrv, bayanai /var/lib/dirsrv, log /var/log/dirsrv. Gyara ne mai kyau kuma dole ne in ana so manhajar ta shiga cikin fakej kamar sauran. Sai dai an raba gidan, sikirit ɗin kuma aka bar su da tsohuwar al'adarsu, kowane instans da nasa kwafin a /usr/lib/dirsrv ko lib64. Kuma ba kwafi ne zalla ba, daga samfuri ake buga su lokacin da ake ƙirƙirar instans ɗin, a cusa sunan saba da fot da hanyoyin folda a cikin jikin fayil ɗin. Ma'ana in kana da instans biyar, kana da db2ldif biyar, kusan iri ɗaya amma ba ɗaya ba.

Nan matsalar take. Manajan fakej bai san da waɗannan fayiloli ba tunda ba shi ya ajiye su ba, saboda haka in an gyara kuskure a samfurin ka yi ofdet, samfurin ne ya sabunta, kwafin da ke foldar instans sai an bi ta setup-ds.pl -u, umarnin sabunta instans, kafin gyaran ya kai gare su. In wani ya taɓa buɗe nasa kwafin ya ƙara layi biyu don aikin bakof na dare, to ko dai sabuntawa ta share masa, ko kuma ya zauna da tsohon kuskure bai sani ba. Na taɓa ganin saba guda, instans biyu, umarni ɗaya, ɗaya ya fitar da fayil ɗin bayanai na LDIF lafiya ɗaya ya tsaya, sai da muka jera fayilolin biyu gefe da gefe da diff sannan muka ga layin da ya bambanta. Dalilin da ya sa sikirit ke zama a foldar instans ya riga ya tafi tun ranar da foldar ta daina zama gidan komai, amma aka ci gaba da ɗaukar nauyinsa shekara da shekaru.

A jerin 1.3 ne aka tattara su wuri ɗaya a /usr/sbin, kwafi guda ga kowa, ka faɗi instans ɗin da kake nufi da -Z. An bar ƙananan sikirit a tsohon wurin suna miƙa aikin ga sababbin don kada cron ɗin mutane, wato ayyukan da suka saita su riƙa gudana da kansu a kan lokaci, ya karye, kuma wannan rangwamen ne ya sa da yawa ba su ma lura an yi ƙaura ba. Da 1.4 ta zo da lib389 na Python, dscreate ya maye gurbin setup-ds.pl wajen ƙirƙirar instans, dsctl ya karɓi aikin tayarwa da tsayarwa da bakof, sunan instans ya zama abu na farko da kake rubutawa bayan umarnin. Tsoffin sikirit ɗin kuwa aka ajiye su gefe a matsayin tsoffin kaya, daga baya aka cire. Wanda cron ɗinsa ke kiran tsohuwar hanya tun zamanin 1.1, ranar ce ya fara jin labarin.