Taron shekara-shekara na masana tarihi da al'adun Hungari: tambayoyi da amsoshi

Hungari ƙasa ce a tsakiyar Turai wadda al'ummarta ba su cika miliyan 10 ba, amma duk shekara akwai malaman jami'a da ɗalibai masu zurfafa bincike da ma'aikatan ɗakunan karatu da ke barin ayyukansu su hallara wuri guda, su shafe kwana biyu ko uku ba su da wata magana sai ta tarihinta da harshenta da al'adunta. Mutanen ƙasar suna kiran kansu Magyar, wanda ake furtawa kusa da "Majar", kuma daga nan Larabawa suka samo sunan Al-Majar da suke kiran ƙasar. Don haka a nan za mu kira su Majarawa, harshensu kuma Majaranci.

Wane taro ne wannan, kuma wa ke shirya shi?

Taron da aka fi sani a wajen Turai shi ne na ƙungiyar malamai masu nazarin Hungari ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da AHEA. An kafa ta a 1974, kuma Enikő Molnár Basa, masaniyar adabi, ita ce ta jagoranci kafuwarta. Taron ba shi da mazauni guda. Kowace shekara wata jami'a ce ke karɓar baƙuncinsa, yawanci a Amurka, wani lokaci a Kanada, jefi-jefi kuma a tsallaka teku a yi shi a Turai. Ƙungiyar tana da mujallar bincike mai suna Hungarian Cultural Studies, wadda kowa zai iya karantawa kyauta a intanet.

Kanada ma tana da tata ƙungiyar da aka kafa a 1985, wadda ita ma ke zama duk shekara. Sai kuma babbar ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta nazarin Hungari da aka kafa a 1977, wadda ta saba kiran babban taronta bayan shekara biyar-biyar: an fara a Budapest, babban birnin Hungari, a 1981, aka je Biyana a 1986, a 2001 kuma aka yi shi a garin Jyväskylä na ƙasar Finlan.

Me ya kai taron da ya shafi tsakiyar Turai zuwa Amurka?

Hijira ce ta kai shi. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, dubban ɗaruruwan talakawa sun bar ƙauyukan Hungari suka tafi neman abinci a ramukan haƙar kwal na Pennsylvania da masana'antun ƙarfe na Ohio, har unguwar Buckeye da ke birnin Cleveland ta zama tamkar wani yanki na Hungari, da coci-cocinta da jaridunta da shagunanta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wasu suka biyo baya. Sai kuma babbar guguwa ta 1956: a ranar 23 ga Oktoba jama'a suka yi wa mulkin kwaminisanci tawaye, a ranar 4 ga Nuwamba tankokin yaƙin Tarayyar Sobiyet suka shiga Budapest suka murƙushe tawayen, mutum kimanin 200,000 suka tsere, akasarinsu ta kan iyakar Ostiriya. Kanada kaɗai ta karɓi kimanin 37,000 daga cikinsu.

Da yawa cikin waɗanda suka gudu a 1956 ɗaliban jami'a ne, kuma bayan shekara ashirin wasunsu sun zama malamai a jami'o'in Amurka da Kanada. Matsalarsu ita ce warwatsewa. Mai nazarin Hungari kan samu kansa shi kaɗai a sashen tarihi ko na adabi, babu abokin aiki ko ɗaya da zai iya karanta takardun da yake aiki da su, balle ya nuna masa inda ya yi kuskure. Ga shi kuma a can gida akwai batutuwan da ba a yarda a taɓa ba, musamman 1956 ɗin kanta, wadda gwamnati ta riƙa kira yunƙurin maƙiya juyin juya hali har zuwa 1989. A ganina wannan shi ne ainihin darajar taron tun farko: ya samar wa mutanen da suka yi nisa da juna wurin da za su haɗu su tace aikin juna, a kan tarihin da ba a iya faɗinsa gaba ɗaya a ƙasar da ya faru.

Yaya ake gudanar da shi?

Watanni kafin lokaci akan fitar da sanarwar neman maƙalu, tare da jigon shekarar. Mai sha'awa ya aika taƙaitaccen bayanin abin da zai gabatar, kwamiti ya duba ya amince ko ya mayar. A ranar taro akan raba mahalarta zuwa zaure-zaure bisa fanni, kamar tarihi, adabi, koyar da harshe, kiɗa da al'adun gargajiya. Mutum uku ko huɗu ne ke gabatarwa a zama ɗaya, kowa da kimanin minti 20, sannan shugaban zama ya buɗe fili ga masu tambaya. Ana gabatarwa da Turanci ko da Majaranci.

Me ya sa sunan Trianon ba ya barin bakin mahalarta?

Domin kusan kowace magana kan Hungari ta zamani sai ta bi ta kansa. A ranar 4 ga Yuni 1920, bayan an ci daular Ostiriya da Hungari a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka sa hannu kan yarjejeniya a fadar Trianon da ke Versailles ta Faransa. Hungari ta rasa kimanin kashi biyu cikin uku na ƙasarta, ta koma murabba'in kilomita 93,000, kuma Majarawa sama da miliyan 3 suka wayi gari a matsayin 'yan tsiraru a Romaniya da Cekoslobakiya da Yugoslabiya ba tare da sun ɗaga ƙafa daga gidajensu ba. Sai dai akwai ɗaya ɓangaren da adalci ya wajabta a faɗa: kusan rabin mazauna tsohuwar masarautar ba Majarawa ba ne, kuma Romaniyawa da Sulobakawa da Sabiyawa suna kallon rushewarta a matsayin samun 'yanci. Ranar 1 ga Disamba 1918, da aka ayyana haɗewar Transilbaniya, yankin da a da yake ƙarƙashin Hungari, da Romaniya, ita ce ranar bikin ƙasa a Romaniya, alhali tun 2010 Hungari ke tuna 4 ga Yuni a hukumance a matsayin ranar haɗin kan al'umma.

Wanda ke son ganin nauyin abin ya dubi sunayen garuruwa a taswirar da mai gabatarwa zai haska a bango. Gari ɗaya ne Majarawa ke kira Kolozsvár, Romaniyawa su ce Cluj, Jamusawa su ce Klausenburg. Bratislava, babban birnin Sulobakiya a yau, shi ne Pozsony a bakin Majarawa, kuma a majami'arsa aka riƙa naɗa sarakunan Hungari daga 1563 zuwa 1830. Sunan da mutum ya zaɓa kan iya nuna ɓangaren da ya tsaya tun kafin ya kai ga hujjarsa, shi ya sa masu taka-tsantsan kan jero sunayen duka a karon farko. Irin wannan magana ta fi kyau a zauren da za a ce wa mutum ya kawo ƙidayar jama'ar Hungari ta 1910 a duba yadda aka yi tambayar harshen uwa a cikinta, fiye da dandalin siyasa inda mai ƙarfin murya ke rinjaye.

Mene ne na daban game da harshen?

Majaranci ba ɗan uwan Jamusanci ba ne, ba na Rashanci ba, ba kuma na Romaniyanci ba, duk da cewa masu waɗannan harsuna da danginsu ne ke kewaye da shi. Yana cikin dangin harsunan Ural, danginsa mafi kusa su ne Khanty da Mansi na yammacin Saiberiya, kuma yana da zumunci mai nisa da harsunan Finlan da Estoniya. Wajen shekarar 895 ne kakannin Majarawa suka tsallako tsaunukan Karfat suka zauna inda suke a yau, kuma an naɗa sarkinsu na farko, István, a shekarar 1000 ko farkon 1001. Masu magana da harshen sun kai kimanin miliyan 13.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda harshen ya samu matsayinsa da ƙyar. Latin ne harshen hukuma a Hungari har zuwa 1844. Kafin nan, a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, Ferenc Kazinczy da abokansa sun tashi haiƙan wajen sabunta harshen, suka ƙirƙiri dubban kalmomi na ilimi da mulki daga tushensa, kuma da yawansu suna bakin jama'a har yau. A 1825 István Széchenyi ya miƙe a majalisa ya ba da kuɗin shigar gonakinsa na shekara guda domin a kafa cibiyar raya harshen, wadda ta zama Cibiyar Kimiyya ta Hungari. Saboda haka idan malamar makarantar Asabar ta zo taro daga wani garin Amurka tana bayanin yadda take koya wa jikokin 'yan hijira harshen da iyayensu suka fara mantawa, ana sauraronta da irin natsuwar da ake sauraron babban farfesa.

Akwai inda tarihin Hungari ya haɗu da na Musulunci?

Akwai, kuma haɗuwar ta daɗe. Matafiyin nan ɗan Andalus, Abu Hamid al-Garnaɗi, ya zauna a Hungari wajen 1150 zuwa 1153, ya tarar da Musulmi da yawa a ƙarƙashin sarkin ƙasar, wasunsu mayaƙansa ne. Amma babban babin shi ne na Daular Usmaniyya ta Turkawa. A ranar 29 ga Agusta 1526 rundunar Sarki Sulaiman ta ci sojojin Hungari a Mohács, Sarki Lajos na Biyu ya mutu yana ƙoƙarin tserewa, a 1541 kuma Buda, babban birnin masarautar, ta faɗa hannun Turkawa, ba ta fita ba sai 1686. A tsawon wannan lokaci ƙasar ta rabu uku: yamma da arewa a hannun gidan sarautar Habsburg na Ostiriya, tsakiya a hannun Usmaniyawa, Transilbaniya kuma tana da nata sarki tana biyan haraji ga Santambul.

Sawun zamanin yana nan a bayyane. A tsakiyar garin Pécs akwai masallacin Gazi Kasim Pasha, wanda coci ne a yau, amma mihrabinsa yana nan yana fuskantar alƙibla, ragowar rubutun Larabci na nan a bango, a saman ƙubbar kuma an ɗora gicciye a kan jinjirin wata. A Eger hasumiya tana tsaye ita kaɗai ba masallaci. Sulaiman kansa ya rasu a 1566 yayin da rundunarsa ke yi wa ganuwar Szigetvár ƙawanya, kuma a 2015 masu bincike ƙarƙashin Norbert Pap da Pál Fodor suka sanar da gano harsashin ginin tunawa da aka yi masa kusa da garin.

Ga masu tarihi, dukiya mafi girma ita ce rajistocin harajin Usmaniyya, waɗanda ake kira daftari. Magatakarda sun bi ƙauye-ƙauye suna rubuta sunan kowane magidanci da abin da zai biya na alkama da zuma da tumaki, cikin wani salon rubutun Larabci mai wuyar karatu da ake kira siyakat, wanda sau da yawa ba a sa masa ɗigo. Masani kan ɗauki lokaci a kan layi ɗaya kafin ya gane sunan Bamajare da magatakarda Baturke ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Da waɗannan takardu ake auna tsohuwar maganar nan ta cewa mulkin Turkawa ya mayar da filayen tsakiyar ƙasar kufai, a ga wane gari ne ya watse, wanne ya bunƙasa da cinikin shanu, kuma a wane yaƙi ɓarnar ta fi yawa.

Ɗaliban ilimin hadisi kuwa sun san sunan Ignác Goldziher, Bayahude ɗan Hungari mai nazarin Musulunci, wanda ya rayu daga 1850 zuwa 1921, ya kuma halarci darussa a Azhar yana saurayi. Malamai irin su Mustafa al-Siba'i da Muhammad Mustafa al-A'zami sun yi wa ra'ayoyinsa kan hadisi raddi mai ƙarfi. Wanda ke son fahimtar yanayin da ya haifi waɗannan ra'ayoyi dole ya san Budapest ta zamaninsa da matsayin Yahudawa a cikinta, kuma wannan aikin masu nazarin Hungari ne.

Ana taɓa batutuwa masu ɗaci, ko ana kauce musu?

Ana taɓa su, kuma mafi nauyinsu shi ne na 1944. Bayan Jamus ta mamaye Hungari a watan Maris na shekarar, cikin makonni kaɗan tsakanin Mayu da Yuli aka kwashe Yahudawa kimanin 437,000 a jiragen ƙasa, kusan dukkansu zuwa sansanin kisa na Auschwitz, kuma jami'an gwamnati da jandarmomin Hungari ne suka tattara su. Gwargwadon alhakin shugaban ƙasar na lokacin, Miklós Horthy, da dokokin wariya da aka kafa tun kafin mamayar, suna cikin abubuwan da ake jayayya a kansu har gobe. A zauren taro akan samu ɗan wanda ya tsira daga sansani zaune kusa da ɗan wanda ya gudu daga kwaminisanci, kowa da ciwon da ya gada, kuma ƙa'idar da ke riƙe su wuri guda ita ce duk wanda ya yi da'awa ya nuna takardar da ya dogara da ita.

Ɗalibi daga Najeriya ko Nijar zai iya shiga wannan fage?

Ba a sharɗanta asali ba, kuma daga cikin masu gabatarwa akwai waɗanda ba su da jinin Majarawa ko kaɗan. Tun 2013 gwamnatin Hungari ke ba ɗaliban ƙasashen waje tallafin karatu mai suna Stipendium Hungaricum, Najeriya na cikin ƙasashen da suka amfana, kuma jami'ar Debrecen ta daɗe tana karɓar 'yan Najeriya, galibi a fannin likitanci. Wanda ya iya Larabci kuma yake da haƙurin karanta tsofaffin rubuce-rubucen hannu yana da abin da ake buƙata, domin ɗakin karatu na Cibiyar Kimiyya da ke Budapest yana da sashen Gabas mai ɗauke da littattafan hannu na Larabci da Turkanci da Farisanci, da kuma dubban wasiƙun da malamai daga ƙasashe daban-daban suka aika wa Goldziher. Matakin farko shi ne ya karanta 'yan maƙalu a mujallar ƙungiyar domin ya ga irin hujjar da ake karɓa, sannan ya jira sanarwar neman maƙalu ta shekara mai zuwa.